Saniyar Hajiya Dije

Katanga ɗaya ce tsakanina da Hajiya Dije a Gobarau, kuma guntuwa ce, don haka kada wanda ya ce a bakin wani na ji. A shekarar da soja suka koma bariki aka yi abin, hotunan 'yan takara ma ba su gama ɓanɓarewa daga bangon unguwa ba.

Jika namiji ɗaya tal Allah ya ba ta, Khalifa, ɗan Sada autanta. Yaro ya doshi shekara biyu, uwarsa Na'ima kuma ta samu wani cikin, sai maganar yaye ta taso. Kowa ya san yadda ake yi: gidan kaka ake kai yaro ya yi makonni har ya manta da nono. To, kaka biyu gare shi. Ga Hajiya, ga kuma Lami uwar Na'ima, mutuniyar Batagarawa mai 'yan shanunta a bayan gida.

Duk Juma'a Sada kan kawo iyalinsa gaisuwa, Lami ma ta biyo da ƙwaryar kindirmo. Tana yin sallama yaron nan zai zame daga cinyar Hajiya ya ruga. Hajiya ta yi murmushin yaƙe, ta yi ta lale marhabin. Suna fita sai ta dafa katanga.

"Binta, kin ga abin da nake gani? Ni na yi mashi wankan farko, amma ƙwarya ɗaya ta raba mu!"

Kishi ne tsagwaronsa, ba ta ma ɓoye mini ba.

Wata rana Sada ya durƙusa gabanta, yana sosa ƙeya. "Hajiya, dama mun ce ko a kai shi Batagarawa, tunda can akwai madara."

"Madara? Da ita kaɗai aka hi ni?"

Kafin Juma'a ta zagayo, ta sayar da awarwaronta na Makka ta sayo saniya mai shayarwa da ɗan maraƙinta. A Gobarau fa! Aka ɗaure su gindin dalbejiya a tsakar gida. Mu maƙwabta muka samu rabonmu na ƙuda da kuka tun asuba. Ta samo wani makiyayi, Lado, yana zuwa tatsa kowace safiya.

Sada ya zo ya gani, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce to shi ke nan, yaye a Gobarau za a yi. Amma da sharaɗi. A ma'aikatar lafiya yake aiki, ya zauna ya yi mata bayani tiryan-tiryan. Ya ce saniya na iya zama garau a ido, madararta kuma ɗauke da ƙwayar cuta, daga jikinta ko daga hannun mai tatsa ko daga ƙwarya. Babba ma tana kayar da shi, balle yaro ɗan yaye. A tace, a ɗora a wuta ta tafasa, a rufe ta huce. Ya ce ko madarar kanti sai an bi ta da zafi kafin a ɗura.

Hajiya har ta fara gyaɗa kai. Sai bakinsa ya ja masa.

"Ai haka Inna Lami ke yi kullum."

Wayyo Sada! Da ya bar zancen a nan da ya huta.

"Au, wajen Lami zan koyi reno? Ni da na raini bakwai? Ta kashe madara da wuta ta kawo ma yaro gawa! Ubanka ɗanya ya sha har ya bar duniya."

"Allah ya huci zuciyarki, Hajiya. Amma in ba a dafa ba, Khalifa ba zai sha ba."

"To ni zan sha. Ku zuba ido ku ga in na mutu."

Kuma ta yi ta sha. Kowace safiya sai ta jira an taru, ko ta kira ni ta kan katanga, ta kafa kai ta shanye ƙwarya, ta goge baki ta ce, "Ina cutar?" Ni kuwa ina ganin Lado yana shigowa daga garke ya kama hantsa ba wanke hannu, saniya tana kaɗa jela bisa ƙwarya, madara ta zauna a buɗe har hantsi. Na ce, "Hajiya, don Allah ko sau ɗaya ki ɗora ta a murhu."

"Ke ma an saye ki da kindirmo?"

Na koma bakin aikina.

Hajiya ta share ɗaki, ta sayi sabuwar katifa ƙarama, ta ba tela ɗinkin riguna. Ana jibi za a kawo yaro, sai cikin Hajiya ya murɗa. Amai da gudawa babu ƙaƙƙautawa, ga zazzaɓi. Kafin azahar ba ta iya tsayuwa. Ni da Sada muka kai ta asibiti, aka ɗaura mata ruwa. Likita ya tambayi abin da take ci, Sada ya faɗa masa, likita ya girgiza kai kawai.

Yaye kuwa ba ya jiran kowa. Aka kai Khalifa Batagarawa.

Hajiya ta daɗe kafin ta miƙe. Da ta dawo gida duk ta zube, idanu sun faɗa, zobe na yawo a yatsa. Wata safiya na leƙa, sai na gan ta tsugune gaban murhu tana tsaron tukunya, madara na tasowa tana ragewa itace. Ta ɗago ta harare ni.

"Kin gani, kin gani. Sa mayahinki ki raka ni."

Muka shiga mota zuwa Batagarawa, tana rungume da kwanon madarar a cinya. Lami ta tarbe mu da fara'a, ta shimfiɗa tabarma, aka yi ta gaisuwa, ya jiki, ya ƙarfin jiki, Allah ƙara sauƙi. Ko kalma ɗaya ba ta yi kan saniya ba. Na san Hajiya ta fi son a yi mata gori ta samu abin ramawa.

Ga Khalifa can bayan zanen Lami, ya yi ɓul-ɓul. Hajiya ta buɗe kwano.

"Taho, maigidana. Dafaffa ce, ni na dafa maka."

Yaro ya ƙura mata ido. Bai gane wannan ramammiyar tsohuwa ba. Ya fashe da kuka ya ƙanƙame ƙafar Lami yana "Inna! Inna!"

Lami ta ji kunya. Ta karɓi kwanon, ta ɗora yaron a cinya ta kafa masa a baki. Ya shanye tas, har yana lasar leɓe.

A mota, muna shigowa gari Hajiya ta juyo wajena.

"Tawa ya sha, Binta. Ai kin gani."

"Na gani, Hajiya."

Ta juya kwanon da babu komai a ciki, ta share ido da bakin mayafi.

"Amma a hannunta."