Ƙofofi Goma Sha Ɗaya

Takardar ta iso da hantsi, kafinta na tsaka da goge wata ƙofa. Ya karɓa da hannu duk garin katako, ya karanta, ya sake karantawa, sai ya lalubi benci ya zauna. Daga ofishin harajin gidaje take. Wai sun kimanta gidansa: gidan haya ne mai ɗaki goma sha ɗaya. Kuɗin da suka yanka masa kuwa, ko ya sayar da injinsa da zarto da guduma ba zai haɗa rabi ba. A ƙasa an ja layi: in wata ya cika bai biya ba, za a garƙame gidan.

Goma sha ɗaya fa! Gidan da ɗaki biyu ne da kicin, in ka yi atishawa a wannan bango sai wancan ya amsa.

Matarsa ce ta gano inda gizo ke saƙa. Ta tsaya tsakar gida ta riƙe ƙugu, tana nuni da baki.

"Baban yara, ƙirga abin da ka jera mana."

Shi kafinta yana da tasa al'ada. In ya gama ƙofa, sai ya ɗaura ta a firam ɗinta, ya sa mata hannu da makulli, ya tsayar da ita jikin katanga har fenti ya bushe, wai ƙofar da ta bushe a kwance ba ta da mutunci. Tara ke jere a lokacin. Ashe mai kimantawar da aka turo bai ko yi sallama ba, leƙe ya yi ta get, ya ƙirga tara da biyun gaske, ya kama gabansa. Allah ya isa tsakaninmu da aikin leƙe!

A ofis, magatakarda ya saurare shi yana danna waya, ya miƙo masa fom. "Cike wannan. Ranar Talata za a zo a sake awo, lungu-lungu."

Kafinta ya karɓi fom ɗin. Lungu-lungu? A bayan kicin akwai wani ɗan ɗaki da ya gina da hannunsa shekara uku da suka wuce, ba takarda ba izini, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifiyarsa ya ɗauko ta. Kuma da idonsa ya ga yadda aka yi wa mai walda na bakin layi: jan fenti a bango yau, jibi motar rusau. In ya yi shiru gida ya tafi, in aka zo awo ɗakin Inna ya tafi. Kwana huɗu ya yi yana wannan lissafi. Ko yaro ya buga get, sai ya zabura ya leƙa.

Safiyar Talata dabara ta zo masa, irin wadda tsoro ke kawowa. Ɗakin Inna ba shi da ƙofa, labule ne kawai. Shekara uku yana cewa gobe zai yi mata. Ya kinkimi ƙofa ta tara daga jerin, ya tsayar da ita daidai bakin ɗakin, ta rufe labulen ruf, ta zama kamar 'yan uwanta.

"Inna," ya ce ta tsakanin katako, "baƙi za su zo. Don Allah ki daure, ko tari kada ki yi."

"To, ɗan nan," ta ce. Ba ta tambayi dalili ba.

Mace aka turo, doguwa, da tabarau da tef ɗin awo a hannu, fuskar nan ba alamar wasa. Ta auna ɗakuna biyun da kicin, ta rubuta. Sannan ta nufi katanga. Ta murɗa hannun ƙofar farko, ta buɗe: bango. Ta biyu: bango. A ta huɗu dariya ta kusa ƙwace mata.

"Malam, 'yan hayarka ba su da hayaniya."

Ya yi yaƙe. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. A ransa yana roƙon Allah ta gaji a ta biyar, ta shida, amma ina! Wannan ba 'yar leƙe ba ce. Ta bakwai. Ta takwas. Ta sha kwanar kicin, shi kuma yana biye da ita kamar wanda ake ja da igiya. Matarsa ta toshe baki da mayafi.

Ta murɗa ta tara. Labule ya motsa.

Inna na zaune bakin katifa, ta cusa gefen zane a baki, idanu sun firfito sun yi ja, ƙirjinta na sama da ƙasa saboda tarin da take dannewa. Da ta ga haske sai ya ƙwace mata, ta yi ta yi har da hawaye.

"Yi haƙuri, ɗan nan," ta ce da ta samu numfashi. "Na yi ƙoƙari."

Ma'aikaciyar ta durƙusa. "Sannu, Mama. Sannu." Ta juyo ta dubi kafinta, kallon da ya fi mari zafi.

"Ranki ya daɗe, ni na gina, ban nemi izini ba," ya ce. "Ki yi min komai, amma kada a rushe. Ba ta da inda..."

Ma'aikaciyar ta miƙe. Ta ja tef daga bango zuwa bango, ta ja ta ɗaya gefen, ta ɗaga kai tana neman taga, babu. Ta yi rubutu, ta yage kwafi ta miƙa masa.

"Gidan zama, ɗaki biyu. Harajinka zai koma yadda yake. Wannan kuma ba mai rushe shi, don a ƙa'idarmu bai kai ɗaki ba. Ba taga, ba ƙofa, faɗinsa bai kai ba. Irinsa ba ya buƙatar izini."

Ta fita. Matarsa ta zube ƙasa tana hamdala. Kafinta ya sauke ajiyar zuciyar da ya kwana huɗu yana riƙo, ya duba takardar don ya tabbatar. A layin ƙarshe, da rubutu mai kyau, an sa: ma'ajiyar kaya, guda ɗaya.

"Me ta rubuta, ɗan nan?" in ji Inna daga ciki. "Ba dai na jawo maka ba?"

Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya ninke takardar ya cusa a aljihu, ya ture ƙofar gefe, ya shiga ya sunkuya ya ɗauke ta cak, ba ta fi nauyin katako biyu ba.

"Ina za ka kai ni?"

"Ɗakina, Inna. Akwai taga." Ya waiwayi matarsa. "Zo ki kama min katifar nan."