Tsakanin Dutse da Harshe

A jami'armu akwai wani tsari da suke tinƙaho da shi a gaban baƙi, amma in ɗalibi ya ce yana so sai kowa ya ɗaure fuska. Wai idan ka gama shekarar farko kana iya tsara digirinka da kanka, ka ɗebo darussa daga sashe biyu ka haɗa. Sharaɗin kawai shi ne farfesa ɗaya daga kowane sashe ya yarda ya tsaya maka, sannan kwamiti ya amince. A baki dai da sauƙi.

Kakana Alojz ya ƙarar da ƙarfinsa a ramin kwal, kamar duk mazan layinmu. Shi da abokansa suna da maganarsu ta ƙarƙashin ƙasa: dutse yana tari, dutse yana cizon haƙora, dutse yana gulma. Kowace kalma da irin ƙarar da take nufi, ita ke gaya maka ko ka ci gaba da aiki ko ka yar da diga ka ruga. Yanzu an rufe ramukan, tsofaffin sun watse, da yawansu suna gidajen kula da tsofaffi inda ba a barin ka shiga da na'urar naɗar murya sai da izinin jami'a. Na so in koyi ilimin duwatsu, in koyi nazarin harshe, sannan a ba ni zangon karatu guda cur in bi su gari gari in naɗi bakinsu tun suna da numfashin magana. Don wannan zangon na tsara komai.

Na fara da Farfesa Kocur na sashen duwatsu. Na same shi yana cin burodi da kokwamba mai tsami a kan taswira. Bai ce in zauna ba. Ya karanta tsarina yana tauna.

"Bogna Szoltysek," ya ce. "Dutse yana tari. To mu saya masa maganin tari mana."

"Ranka ya daɗe, abin da nake nufi..."

"Na san abin da kike nufi, yarinya. Muna da na'urorin da ke jin motsin ƙasa tun kafin a haife ki. Ke kuma kina so in sa sunana a kan hirar tsofaffi a teburin giya. Wa zai tsaya miki a wancan ɓangaren?"

"Ina fatan Farfesa Pytlik."

Ya ajiye burodin. "Pytlik! Matar da ta yi littafi guda a kan wasali ɗaya? Je ki same ta. In ta san bambancin kwal da baƙin tukunya, ki dawo ki gaya mini."

Kowa a jami'ar ya san ba sa ga maciji. An ce a kan ɗakin karatu mai manyan tagogi suka ɓata, tun zamanin da ba wanda yake tunawa. Ni ina ruwana.

Farfesa Pytlik ta ba ni kujera, har da shayi da lemun tsami, sai na ɗauka na dace. Ashe tata wuƙar ta fi kaifi.

"Yaren mahaƙa," ta ce, tana duban takardar daga nesa kamar mai wari. "'Yata, ku mutanen unguwannin rami kowa gani yake kakansa ƙamus ne. Harshe kimiyya ne, ba zumunci ba. Wa ya turo ki wurina?"

"Daga wurin Farfesa Kocur nake, ranki ya daɗe."

"Me ya ce?"

Wallahi ban ƙara ko wasali ba. Ta tambaya, na faɗa mata, har da baƙin tukunyar. Na ga jijiyar wuyanta ta motsa. Ta jawo alƙalami ta sa hannu da ƙarfin da ya kusa huda takardar.

"Kai masa. Ki ce masa na yarda, tunda shi tsoron duk abin da ke magana yake yi, shi ya sa ya zaɓi duwatsu."

Na kai masa, na isar da saƙo kamar yadda aka ba ni. Ya yi ja har kunne, shi ma ya sa hannu, ya ma ɗora nasa a saman nata. Na fito ina ta murna, wawuya da ni.

Ranar Lahadi na je gida. Kaka yana gaban kwanon miyarsa mai tsami, yana shan cokali ɗaya ya huta, saboda ƙurar rami ta cinye masa ƙirji.

"Malamar dutse!" ya ce. "Yanzu har digiri ake yi a kan shirmenmu?"

"In ka ga dama ka mutu kafin in zo da na'ura, ka ga abin da zan yi maka."

"Tsiyar jika ke nan, ko mutuwa sai da izininta." Ya yi dariya, ya ce zai sanar da amininsa Ewald da sauran 'yan rukuninsu su fara tuno kalmomi.

Ranar kwamiti aka zaunar da ni a ƙarshen dogon tebur. Shugaban zama, Dakta Gawlik, mutum ne mai murmushin da ba ya kaiwa ido. Kocur na damansa, Pytlik na hagu, kowa yana kallon bangon da ke bayan ɗan'uwansa.

Tun daga sunan digirin aka soma. Na rubuta "Nazarin Harshe da Ilimin Duwatsu". Kocur ya ce dutse ya riga harshe zuwa duniya, don haka shi ne a gaba. Pytlik ta ce ba don harshe ba da bai iya faɗin wannan shirmen ba. Gawlik ya ce a bar suna tukuna.

"To ni ba zan sa sunana a kan rabin ilimi ba," in ji Kocur. "Darussa nawa ta ɗauka a wurinmu? Wannan ai lasa ce. A ƙara mata lissafi, a ƙara sinadarai, da aikin fili na bazara."

"In an ƙara nasa a ƙara nawa," in ji Pytlik. "Tarihin nahawu, tsohon harshen coci, da Jamusanci. Bazarar da ta rage kuma ta yi ta a ɗakin ajiyar tsofaffin rubuce-rubuce. Sashena ba kayan ado ba ne."

Haka suka yi ta jifan juna da darussa, kowane jifa a kaina yake sauka. Ya ƙara, ta ƙara. Har Asabar suka cinye. Na ɗaga hannu, ba wanda ya kalle ni. Gawlik yana ta rubutu, can ya ɗago.

"An wuce iyaka. Doka ba ta yarda ɗalibi ya ɗauki wannan nauyin ba. Dole a cire wani abu."

Kocur ya ce ba a taɓa nasa. Pytlik ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Na ga yatsan Kocur yana gangarowa kan takardar, na ga na Pytlik ma yana gangarowa, suka tsaya a wuri ɗaya.

"Wannan zangon yawon," ya ce.

"Ni ma shi nake kallo," ta ce. A karo na farko ta dube shi. "Ba shi da wani tsari na kimiyya."

"Ko kaɗan, Farfesa. Kin yi gaskiya."

Na miƙe ban sani ba. "Haba, ranku ya daɗe! Ai don shi na zo. In kun cire shi me ya rage? Ku rage lissafin, ku rage harshen cocin..."

"Zauna, Szoltysek," in ji Pytlik. "Nan ba kasuwa ba ce."

"Ku ne kuka mai da shi kasuwa! Tun ɗazu cinikina kuke yi."

"Kin ji ko?" Kocur ya ce mata. "Tarbiyyar bakin rami."

Ta yi dariya. Pytlik, ta yi dariyar maganar Kocur! Na tsane su a lokacin, tsana ta gaske.

Gawlik ya ja layi a kan zangon, ya ce kwamiti ya amince da tsarin kamar yadda aka gyara shi. Ya ce in ban karɓa ba, sai in koma sashe ɗaya, kuma ba a nema sau biyu.

"Ki kwantar da hankalinki," ya ce. "In kin gama, kya yi tsofaffinki a digiri na biyu. Ai ba inda za su. Ba ki da abin faɗa wa malamanki da suka tsaya miki?"

Su uku suka zuba mini ido suna jira. In na ƙi, na rasa duka. Na sunkuyar da kai.

"Na gode, ranku ya daɗe."

Kocur ya riƙe wa Pytlik ƙofa, suka fita tare suna maganar inda ake sayar da kofi mai kyau.

Ina kan matakala wayata ta yi ƙara. Kaka ne.

"Yaya, malamar dutse? Sun yarda?"

"Sun yarda, Kaka."

"To madalla! Ewald har ya sa an yi masa aski. Yaushe zan ce musu kina tafe?"

Na tsaya ina jin numfashinsa yana fito a cikin wayar.

"Ka ce su jira. Sai na gama digirin tukuna."

Sai ya fashe da dariya, dariyar ta koma tari, na jira har ya lafa.

"Mu jira," ya ce. "To, 'yar nan. Zan gaya musu."