Tudun Da Ya Tare a Gidana

Sudalaimuthu ne ya mayar mini da gida masai, kuma ya san da haka.

Shi ne shugaban masuntan garinmu. Ranar bikin haikali ya je zama a bakin teku gaban baƙi, sai ya dira a kan dunƙulen ƙayar nan da iska ke mirginowa daga ciyawar tudun yashi, wadda muke kira gashin bakin Rawana, wani sarkin aljanu na labaranmu. Ya zabura, zanensa ya kwance, aka yi ta dariya. Ƙato da jikoki, wai sai ya ƙulla gaba da ciyawa. Washegari ya sa aka tuge ta kaf aka ƙone.

Na tare shi wurin shanyar kifi, na gaya masa saiwar ciyawar nan ce ke riƙe da tudun tun kakata na budurwa. Ya ce, "Yaya Pechi, yashi ƙafa gare shi?"

To, ashe yana da ita. Da iska ta juyo daga teku, tudu ya kamo hanya. Na fara tauna shi a shinkafa. Ya haɗiye dutsen niƙana, ya binne zogalena, ya zo ya jingina da bangon ɗakina kamar surukin da ba shi da niyyar tafiya.

Duk wannan mai sauƙi ne. Tun tale-tale bayan tudun nan matan gari ke zagayawa da asuba. Da ya tashi, wurin ya zama fili, har daga motar haya ana hangowa. Sai suka biyo tudunsu. Yanzu kullum ina jin su ƙarƙashin tagata da gwangwanayensu, suna hirar tsadar kifi. Wata har ta ƙwanƙwasa tana roƙon ruwa. Valliyammai ce, matar Sudalaimuthu. Na wanke ta tas, ta ce ita dai bayan tudu uwarta ta nuna mata, duk inda yake.

Na kai ƙara gaban dattawa. Suka yi ta gyaɗa kai, suka yanke cewa Sudalaimuthu ya sake dasa ciyawar. Ya dasa kuwa, a kan tudun, a inda yake yanzu. Ta kama, ta yi kore shar, saiwa ta nutse. Tudun da ya yi tafiya ya samu wurin zama na har abada.

Wai an yi mini adalci. Ni dai ina zaune a ƙofar gidan Sudalaimuthu da tsintsiyata, kuma ba zan tashi ba. Ya fito ya gaya mini wa zai kwashe tudun nan, wa kuma zai kwashe abin da ke bayansa.