Ajin Ƙwanƙwasa Ƙofa

A gidan yarin, fursunoni ne ke koyar da junansu. Wani na koyar da ɗinki, wani karatu. Shi kuwa wanda suke kira Dattijo darasinsa guda ne: yadda mutum zai koma gida.

Sai a tayar da wani tsohon tebur a ce ga ƙofa. Wanda fitarsa ta matso ya tsaya a waje ya ƙwanƙwasa, Dattijo ya laɓe a ciki ya zama duk wanda ake tsoron gani. Yau shi ne uwa, gobe matar da aka bari da goyo, jibi ƙanen da aka zubar wa mutunci a unguwa. Ya iya zagi, ba laifi. Akwai wani direba, ƙato guda, da Dattijo ya yi wa muryar uwarsa har ya durƙusa yana kuka, 'yan aji na dariya suna share nasu hawayen a fakaice.

"In an zage ka, sunkuyar da kai," haka yake ce musu. "Wanda ya zage ka bai gama da kai ba. In an rufe ƙofa, kada ka dage, ka dawo gobe."

Ya yi ta sallamar mutane har furfura ta cinye kansa. Ranar ziyara ba a taɓa kiransa ba. Matarsa ta rasu yana ciki. 'Yarsa tilo, da ya bari tana firamare, ta yi aure ba da saninsa ba. Ita kaɗai ta rage masa a duniya, kuma a wurinta yake fatan ya ƙarasa kwanakinsa, ko da a lungu ne.

Da tasa fitar ta zo, ɗalibansa suka ce wanzami ba ya son jarfa, yau sai ya tsaya a waje. Wani tela ya zama 'yar, ya zazzage masa kwandon masifa, ya rufe ƙofa, ya buɗe, ya yi kukan ƙarya. Dattijo bai kuskure ko ɗaya ba, aka yi ta tafi.

Ranar da ya fita, da tambaya ya gano gidan 'yar tasa. A saman bene yake, takalma jere a bakin ƙofa. Ya gyara riƙon ledar kayansa, ya ƙwanƙwasa, ya sunkuyar da kai tun kafin a buɗe.

Ta buɗe. Goshin mahaifiyarta ne sak. Ta dube shi, ta gane shi, ta yi murmushi.

"Sannu da zuwa. A shigo mana."

Ta zaunar da shi a kujerar falo mafi kyau. Ta buɗe kabad ta ɗauko kofin gilashi cikin waɗanda ake ajiye wa baƙi, ta wanke, ta kawo ruwan sanyi a faranti.

"Ya hanya? Ya gajiya?"

"Lafiya lau," ya ce. Ya fara abin da ya haddace. "Na san na cuce ku, ke da mahaifiyarki..."

"Haba, ba komai. Ai ya wuce."

Ta ƙara masa ruwa. Ya zauna yana jiran faɗa kamar mai jiran mota, faɗa bai zo ba. A duk shekarun nan bai taɓa zama 'yar da ke murmushi a ajinsa ba, don bai san akwai ta ba. Ya lura ba ta ce masa Baba ba. Ledarsa na nan a ƙafarsa, ba ta shigar da ita ciki ba. Kaɗaicin da bai taɓa ji a bayan ƙarfe ba ya same shi a kan kujera mai laushi.

Mijinta ya dawo daga aiki, ya miƙa masa hannu cikin ladabi, ya dubi matarsa.

"Baƙo muka yi?"

"E, wucewa yake."

Dattijo ya miƙe, tunda an faɗa masa abin da yake yi. Ta rako shi har bakin matakala, ta riƙe masa ledar ya sa takalmi, sannan ta miƙa masa da hannu biyu.

"An gode da ziyara. A gaida gida."

"Za su ji," ya ce.

Ya sauka a hankali yana dafa bango. A bakin titi ya tsaya, ya duba hagu, ya duba dama, kamar mai shirin tsallakawa.