Gwangwanin Kepa

Kepa ya dire akwatin a kan teburin Shige Tamashiro da ƙarfin da ya sa ƙananan kusoshin da ke cikin faranti suka yi tsalle.

"A hankali, tsohon banza," in ji Shige, ko ɗago kai bai yi ba. "Yau Lahadi. Don kai kaɗai na buɗe shagon nan."

"Ta daina magana. Jiya na jona ta da lasifika, ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Ƙarfe biyu nake so in kai ta wurin Haunani."

Shige ya tura tabarau goshi, ya buɗe akwatin, ya daɗe yana kallon abin da ke ciki. Sai ya ƙyalƙyale da dariya har da buga tebur.

"Gwangwani! Ashe tana raye? Ni na ɗauka tuni aka narka ta aka yi murfin tukunya."

Jitar cinya ce, irin wadda ake kwantarwa a ƙafa a ja ta da sandar ƙarfe, ba feda ba komai. Falle biyu ne na ƙarfe aka haɗa, cikinta fanko, shi ya sa makaɗan Waikiki suka laƙa mata wannan suna. Kepa na ɗan shekara goma sha tara ya saye ta a hannun wani ma'aikacin jirgin ruwa, kuma a lokacin ma tsohuwa ce. Da ita ya yi shekara ashirin yana kiɗa a otal-otal, matarsa Haunani na rawa a gabansa da furanni a wuya. Da hannunsa ya buɗe sai ya sayi waɗanda suka fi ta, ya tura ta ƙarƙashin gado. Haka mutum yake yi wa abin da ya rufa masa asiri.

Yanzu Haunani ta yi wata bakwai a gidan jinyar tsofaffi a Kaneohe. Wata uku rabonta da kiran sunansa. In ya kai mata mangwaro sai ta karɓa da hannu biyu ta ce, "Na gode, bawan Allah." 'Yarsu tilo, Nohea, ma'aikaciyar asibiti ce a Las Vegas, ta zo da takardun mayar da uwar can a jaka. "Baba, ba ta san inda take ba, ba ta san ka ba. A can kullum zan gan ta." Kepa ya ce Haunani ta san shi sarai, hanya ce kawai ta ɓace mata. Ya kuma san kansa: in aka kai shi hamadar Las Vegas ba zai yi wata shida ba, don haka in ta tafi sun rabu ke nan. Suka yi ta ja, har dai ya ba da kalmarsa. In Lahadin nan ta wuce Haunani ba ta nuna alamar ta gane shi ba, zai sa hannu. Jirgin Nohea Talata ne.

"Waya ce ta saki," Shige ya ce, yana kaɗa jitar kusa da kunne. "Amma me ya kai ka ga wannan? Ina jitarka Kasko?"

"Ita na fara kaiwa. Ta tafa min kamar yadda ake tafa wa yaran coci."

"Baƙar fa?"

"Barci ta yi."

Shige ya miƙe. Ya saɓi Gwangwani ya shige bayan labule, yana faɗin Kepa ya taɓa jitocin da ke jikin bango kafin ya gama, in akwai wadda ta yi masa ya ara.

Kepa ba ya iya zama kusa da tsirkiya ya bar ta. Ya sa faratan ƙarfe a yatsu, ya fito da sandarsa daga aljihu, ya sauko da wata Kasko irin tasa mai dogon wuya, zubin alminiyom, kai zagayayye kamar a fasa ƙwai a ciki. Ya ja layi ɗaya. Sautin ya tafi ya tafi, kamar ba zai dawo ba.

"Ka ji ko?" ya ɗaga murya. "Ka taɓa ta, ka je ka sha kofi, ka dawo ka tarar tana magana."

"Ka kunna mata fanka ka gani," Shige ya amsa daga ciki. "Ɗan sanyi kaɗan ta canza murya. Kai da kanka ka zage ta a bikin 'yar Freitas."

Gaskiya ne. Kuma da Kepa ya karkata sandar don ya kama tsirkiya biyu a wurare daban, sai ya ji wuyan hannunsa ya ƙi. Dogon wuya yana da daɗi a kunne, amma hannun saurayi yake so. Ya mayar da ita, ya ɗauko wata baƙa irin tasa, wadda aka zuba da irin robar tsohuwar wayar tarho, nauyinta kamar dutsen niƙa. Ita ba ta ƙararrawa, nishi take yi, kauri gare ta kamar muryar mace mai jiki a bayan ƙungiyar mawaƙa. Wuyanta gajere, sandar tana karkata ba gardama.

"Wannan ita ce jita," ya ce. "Sauran duk kayan kicin ne."

"Har sai fitilar dandali ta gasa ta. Katako, Kepa! Shekara hamsin ina gaya maka, katako ba ruwansa da zafi ko sanyi. Gwada mai wuya biyun nan."

"Mai ƙafafu kamar teburin guga? Tsirkiyoyinta a cunkushe suke, sai ƙananan yatsunku na 'yan Okinawa. Kuma muryarta ta masu hular kaboyi ce."

"Yatsunka ne suka zama ayaba. Ai kai yanzu ka huta, mu sai mun wahala muke kaɗa sanda, kai Allah ya ba ka rawar hannu kyauta."

Kepa ya yi dariya, ya dubi hannun hagunsa. Yana rawa kuwa. Ya dubi agogon bango: ɗaya da kwata. Nohea ta ce ɗaya da rabi za ta ɗauke shi.

Abin da bai gaya wa Shige ba shi ne, ba ingancin Gwangwani ya sa ya jawo ta daga ƙarƙashin gado ba. Akwai wani laushi da take da shi, wanda duk waɗannan masu tsada ba su ba shi ba. Da farko ba haka take ba. Sabuwar zuwanta hannunsa kaifi gare ta, tana amsa-kuwwa a cikinta kamar an buga bokiti. Sai a shekarar da aka haifi Nohea, suna ɗaki ɗaya a Kalihi, rana ɗaya ya ji ta kwanta, ta yi zagaye, ta yi zuma. Tsofaffin makaɗa suka fara zuwa su tsaya a bayan dandali suna kallon hannunsa. Wani ya ce, "Yaron nan ya nuna." Kepa ya yarda. Shekara hamsin da shida yana gaya wa masu koyo cewa sauti a hannu yake, ba a ƙarfe ba, kuma haihuwa ce take tausasa hannun namiji.

Shige ya fito da jitar a hannu ɗaya, leda a ɗaya, fuskarsa fal fara'a.

"Na like wayar. Na kuma yi maka shara. Dubi abin da na zaro daga cikinta, tun daga ciki har wuya. Yanzu za ka ji ainihin muryarta."

Ya jona ta, ya ja tsirkiya ɗaya da babban yatsa. Ƙarar ta tashi siririya, mai kaifi, ta daki gilashin shagon ta dawo. Bokiti.

"Me ka yi mata?" Kepa ya miƙe tsaye. "Shige, me ka yi mata?"

"Tsummokara na cire! Wa yake cusa wa jita tsumma ya bar shi ya ruɓe?"

Kepa ya fizge ledar ya zazzage a kan tebur. Ƙyallaye ne, an yayyaga su tsawo-tsawo da kyau, an naɗe kowanne kamar yatsa. Farare guda shida ko bakwai, irin napkin jarirai na da. Sauran ruwan ɗorawa ne mai farin fure. Ya ɗauki ɗaya ya warware. Ya san rigar. A cikinta Haunani ta yi rawa ranar da ya fara ganinta, daga baya ta ce ta matse ta, ta bayar.

Sai ɗakin Kalihi ya dawo masa gaba ɗaya. Shi a bakin gado bayan abincin rana yana gwaji, jaririya ta tsandara kuka, Haunani a tsaye da ludayi tana cewa wata rana sai ta jefa gwangwanin nan a teku. Kullum sai sun yi. Sannan wata Asabar ya je kamun kifi da ƙannenta, ya dawo, daga ranar ba ta sake ƙorafi ba. Bai taɓa tambayar kansa dalili ba. Yabo ya yi masa yawa a lokacin.

"Ashe ba hannuna ba ne," ya ce.

Shige ya dubi ƙyallen, ya dubi abokinsa, fara'ar ta gushe. "Haunani ce?"

"Da wuƙar man shanu, na tabbata. Da ita take kwance komai a gida. Ta bar ni ina cika baki shekara hamsin. Har gidan rediyo na je na faɗa, tana zaune a gefe tana gyaɗa kai."

"Ba ni ita. Minti arba'in in mayar da su."

Aka yi hon a waje, sau biyu, gajeru. Nohea ba ta jira tun tana ƙarama, kuma gidan jinya ƙarfe uku suke kwantar da tsofaffi.

"To ɗauki baƙar," in ji Shige. "Ɗauki duk wadda kake so."

Kepa ya tsaya yana kallon bangon. Ya riga ya kai irinsu, ya ga abin da suka yi. Ya tattara ƙyallayen cikin leda, ya rufe akwatin Gwangwani.

A mota Nohea ta dubi akwatin ta madubi. "Wannan kuma wacce ce?"

"Yayarki ce."

Ba ta yi dariya ba. Suka bi hanyar da aka huda ta cikin dutse suka fito ɓangaren Kaneohe, inda ruwa ya gama sauka, duwatsun sun yi kore shar.

An zaunar da Haunani a baranda, an tsefe mata kai, an sa mata fure a kunne. Ta yi musu murmushin da take yi wa mai kawo magani. Nohea ta zauna a gefenta, jakar takardu a cinya. Kepa ya jona ƙaramar lasifikarsa, ya kwantar da jitar a ƙafa, ya ajiye ledar a ƙasa. Zuciyarsa ta riga ta karaya. Ya zo da laushin da take tunawa, an kwashe shi a hanya.

Ya fara waƙar da take buɗe rawa da ita. Sautin ya fito tsirara, yana ƙara a cikin ƙarfen, yana dukan kwanon rufi. Wani tsoho da ke gyangyaɗi a can ƙarshen baranda ya zabura. Kepa ya lallaɓa da tafin hannu, bai yi ba. Ya ci gaba kansa a ƙasa, don kada ya haɗa ido da 'yarsa.

"Iokepa!"

Sandar ta tsaya. Mutum biyu ne a duniya suke kiransa da cikakken sunansa, kuma uwarsa ta daɗe da rasuwa.

Haunani ta haɗe gira, ta nuna jitar da yatsa. "Wa ya cire min aikina? Eh? Da ƙyar na samu yarinyar nan ta yi barci, ka zo ka tasa mu gaba da wannan gwangwanin. Ba ka da wani wurin zuwa ne?"

"Yi haƙuri, Nani."

"Kullum yi haƙuri. Wata rana ka dawo ka tarar da ita a teku." Ta hango ledar, ta miƙa hannu. Ya ba ta. Ta zaro ƙyalle ɗaya, ta shimfiɗa a gwiwa, ta fara naɗewa da sauri, yatsunta ba su manta komai ba. Sai ta juya ga Nohea. "Ke, baiwar Allah, don Allah leƙa min ita. In ta farka yau ba mai zaman lafiya."

Nohea ta tashi, ta ajiye jakar a kan kujera, ta shiga ciki. Ta ɗan jima. Da ta dawo hancinta ya yi ja.

"Tana barci, Mama."

"Allah ya taimake shi."

Nohea ta ɗauke jakar don ta zauna. Ta riƙe ta kaɗan, sannan ta sauke ta ƙasa, ta tura ta ƙarƙashin kujera da diddige.

"To me kake jira?" Haunani ta ce, ba ta ɗago daga naɗinta ba. "In za ka kaɗa ka kaɗa, amma ka rage ƙarar nan."

"Yanzu kuwa," in ji Kepa.

Ya kai hannu kan maɓallin, ya ɗan murɗa shi sama.