Hawainiyar Ofishin Kwafi

Wani mafarki na yi jiya da dare, kuma na san abin da ya jawo shi. Faifan DVD na sunan 'yata Ummi ne ya fara sarƙewa, daidai wurin da marigayiya mahaifiyata, Inna Kande, take fitowa. Ba mu da muryarta a ko'ina sai a faifan nan. Ina ta duba manhajojin kwafi a kwamfuta, kowace tana yabon kanta, har barci ya sace ni ban zaɓa ba.

Sai ga ni a wani gari da ruwan sama ke tashi daga ƙasa. Kowa ya kife lemarsa yana tafiya a cikinta. Na riƙe faifaina a hammata na shiga Ofishin Kwafi.

Shugabar ofishin akuya ce mai tabarau, tana taunar labulen tagarta cikin natsuwa.

"Manhaja kake nema, Malam Tanimu?" in ji ta. "Uku gare mu. Faifanka ya gaji, juyi ɗaya ya rage masa. Wadda ka ba, ita ke nan."

Na farko wani zakara ne cikin kwat. Ya ce kafin in yi atishawa ya gama. Don ya nuna mini gwaninta, ya ɗauki faifan bikin wani bawan Allah, ya murɗe shi kamar wanki. Mutane suka riƙa ɗiga a ƙasa, tsofaffi da yara da masu tuƙa tuwo.

"Su waye waɗannan?" na tambaya.

"'Yan gefe ne. Matsewa muke yi. Manyan baƙi suna nan lafiya lau."

Mai ɗaukar bidiyon sunan nan manyan riguna ya bi yini guda. Inna a gefe take, bayan tukwane. Na ce wa zakara na gode.

Ta biyu jimina ce. Ta ce aikinta kyauta ne, fisabilillahi. Aikin kuwa ya yi kyau, sai dai ta buga hatimin sunanta a goshin kowa, har da ragon suna.

"Ai ana ganin kunnuwa," in ji ta. "Da kunne ma ana gane mutum."

Ban san lokacin da muka koma cikin wata rijiya mai fanka ba. A nan ta ukun take, wata tsohuwar hawainiya. Ba ta yi talla ba, ba ta ma amsa sallamata da wuri ba. Ta duba faifan da ido ɗaya, ɗayan yana kaina.

"Makilin," ta ce. "Mutanenku da makilin suke jinyar faifai, sai ka ce haƙori."

"Baba, zai yiwu?"

"Abin da na gani zan ɗauka. Abin da ban gani ba, ba na ƙirƙira. Kana da haƙuri?"

Na miƙa mata.

Ta hau faifan ta fara zagayawa. Jama'a, na ga aiki. Duk inda ta taka sai jikinta ya zama wurin: rumfa, tabarmi, hayaƙin murhu, har ƙudan da ke bakin kwaryar fura ba ta bari ba. Zakara ya leƙo ta bakin rijiya ya ce tun ɗazu ya gama faifai bakwai ya yi aure. Ko kallonsa ba ta yi ba. Ni dai na tsuguna, ƙaunar tsohuwar nan ta cika mini ciki.

Da ta iso wurin da ya karce sai ta tsaya. Ta ɗaga ƙafa, ta mayar. Ta ɗaga, ta mayar. Gemuna ya tsiro ya yi furfura, akuya ta zo ta cinye shi, wani ya fito.

"Tsallake wurin mana!" in ji jimina. "Wa zai lura?"

"Mai faifan," in ji hawainiya.

Ta sake taka wurin a hankali. Sai bayanta ya rikiɗe ya zama shuɗin zanen Inna, mai ƙunar garwashi a gefe. Ta buɗe baki, muryar da na yi kwanaki ina jin rabinta ta fito cikakkiya:

"Kai Tanimu, ce masa ya kawar da abin nan daga fuskata. Kai kuma je ka ci abinci, tun safe ba ka sa komai a cikinka ba."

Na fashe da kuka. Hawayen suka bi ruwan garin, suka yi sama.

Ƙwal, ƙwal, ƙwal.

Na buɗe ido. Ummi ce tsaye a kaina tana buga cokali a jikin kwano. Kwamfuta na kan tabarma yadda na bar ta, jerin manhajojin na nan. Can ƙasa akwai wata da kowa ke ƙorafin tana da nawa, wai wuri ɗaya sai ta karanta ta sake karantawa. Na danna ta.

"Baba," in ji Ummi, "ka bar abin nan ka sha kokonka. Jiya ma ba ka ci komai ba."