Libarbar Don Evaristo

Gildardo ya ɗaga bindigar saitin taga, ya kanne ido ɗaya yana leƙa cikin bakinta. Dillalin tsofaffin kaya ne daga garin Ibagué. Ni na kira shi, don makwabcina Don Evaristo ya hana ni sakat. Tsohon na kwance an tokare shi da matasai, tun da likita ya ce a mai da shi gida ya huta. Duk mun gane nufin likitan. So yake ya sayar da libarbarsa ya sayi akwatin gawarsa da kansa, kada nauyin ya faɗa kan 'yarsa Amparo.

"Kakana ya je Yaƙin Kwana Dubu da ita," in ji tsohon. "Sai ka yi ciniki da ladabi."

Gildardo ya goge tsatsar gefenta da babban yatsa har wani ɗan tambari ya fito.

"Don Evaristo, wannan ƙirar Sifen ce, kwaikwayon ta Amurka. An gama yaƙin nan da wajen shekara ashirin kafin a ƙera ta. Ta kai shekara ɗari dai, wannan ban musa ba."

"To makara ya yi zuwa yaƙin. Duk danginmu haka muke."

Amparo ta yi dariya daga bakin ƙofa, sannan ta juya baya tana share ido da gefen riga.

Dillalin ya ci gaba da jujjuya ta. Ya ce lambar jikinta ta shafe, ƙotar ma ba tata ba ce, wani kafinta ne ya sassaƙa mata. Da ta asali ce da sai a yi maganar miliyoyi. Ya ja kunamar, ya saurara, ya sake ja.

"Ai wannan ba ta tashi. An goge tsinken da ke dukan harsashi da magagari, kuma ba yau ba. Dubi yadda wurin ya yi baƙi."

"Ni na goge," in ji tsohon. "Matata marigayiya Lucinda ce ta ce ko bindiga ko ita, lokacin da Amparo ta fara rarrafe."

Amparo yanzu ta haura shekara hamsin. Sai na zauna a bakin gadon.

Shekarar da 'yan bindiga suka kashe mijina Reinaldo, sun aiko mini cewa in bar gonar kofinmu in tattara 'ya'yana in tafi. Duk layinmu kowa ya ja ƙofarsa. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da yara. Don Evaristo ne ya jawo kujerarsa ya dasa a ƙofar gidana, ya ɗora libarbar nan a cinya yadda mai wucewa zai gani. Haka ya yi kullum har muka gama tsinkar kofi. Wata rana da yamma mutum biyu suka zo a babur, suka tsaya a tsallaken hanya. Suka dube shi, ya dube su. Ina ɗaki na toshe bakin ƙaramar 'yata da hannu. Can suka tayar da babur suka wuce, ba su ƙara dawowa ba. Gonar nan ce ta kai yarana makaranta.

"Makwabci," na ce, "ashe da fanko ka zauna mana?"

"Su ai ba su sani ba, Nubia."

"Da sun sauko fa?"

"Da na jefe su da ita. Ɗauki ki ji nauyinta." Ya yi tari, ya huta. "Kin ɗauka sanyi nake ji da nake rufa bargo a ƙafa? Gwiwoyina ne ke kaɗawa, ba na son su gani."

Na kama hannunsa.

Gildardo ya ce a matsayin kayan ado na bango zai ba da peso dubu ɗari uku. Tsohon ya ce masa ɓarawo ɗan ɓarawo, ya nemi dubu ɗari biyar. Suka daidaita a ɗari huɗu, da sharaɗin dillalin zai zauna ya sha kofi. Bai isa kuɗin akwatin ba. Na je wurin kafinta na cika sauran, na ce kada ya gaya wa kowa.

Ranar Lahadi da rana ya cika, bayan Fada ya zo ya yi masa addu'a. Amparo na riƙe da kansa, ni ina jiƙa masa leɓe da auduga.

Da muka zo shirya shi, Amparo ta fiddo farar rigarsa ta zuwa coci. Kwalar ta cinye har zare ya fito. Ta tsaya tana kallonta.

"Kawo nan," na ce.

Na kai ta gidana, na farke kwalar, na juya ta ciki waje, na ɗinke. Sannan na shimfiɗa rigar a kan tebur, na yayyafa mata ruwa, na tsaya ina jiran dutsen guga ya yi zafi.